Wasiƙa Zuwa Kumasi: Kafin Ka Sayo Injin Casar Shinkafar Nan



Aminina Alhaji,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya Hajiya da yara? Yaya kasuwa, yaya kuma ruwan saman naku da ba ya ƙarewa? Mu nan Kano lafiya lau, sai godiyar Allah. Na leƙa na gaida Inna ranar Juma'a, na same ta da sauƙi, ƙafar ce dai take ɗan taɓa ta idan garin ya yi sanyi. Ta ce goron da ka aiko ya iso, ta gode, amma in gaya maka kai take son gani.

Saƙonka ya same ni, na kuma karanta shi a tsanake. Ka ce ka gaji da zaman ɗar-ɗar. Kullum sai an tayar muku da dokar nan ta 2013 da ta keɓe wa 'yan ƙasa saye da sayarwar cikin kasuwa, ta kuma ce baƙon da zai yi fatauci sai ya zuba jarin dala miliyan ɗaya. Tun da aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Suame a 2019 hankalinka bai kwanta ba. Yanzu kana son ka tattaro abin da Allah ya hore maka, ka dawo gida, ka kafa ɗan madaidaicin injin casar shinkafa a wajen Kura. Ka kuma ji a rediyo ana ta yayata cewa gwamnati ta sauƙaƙa harkar kasuwanci, har mutum yana iya yi wa kamfaninsa rajista daga wayar hannu. Shi ne kake tambayata ko gaskiya ne, ko kuwa irin zancen nan ne na 'yan siyasa.

To, Alhaji, gaskiya ne an yi aiki, ba zan ci haƙƙin kowa ba. Sai dai aikin da aka yi ya fi taɓa kuɗin takarda. Kuɗin wuta da na hanya da na bashi suna nan, wasu ma sun ninka. Lamarin kamar na saurayin da aka rage wa sadaki ne, ya yi ta murna, aka kawo amarya, sai ya tarar kuɗin cefane ya ninka uku. Sadaki sau ɗaya ake biya, cefane kuwa kullum ne. Rajista ita ce sadakin. Bari in bi maka su ɗaya bayan ɗaya yadda na san su, kai kuma ka yi naka lissafin.

Abin ya faro ne a 2016, shekarar da farashin ɗanyen mai ya faɗi, tattalin arzikin ƙasar ya karye. Gwamnatin Buhari ta kafa wata majalisa da ake kira PEBEC, aka ɗora mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo a kanta, Dakta Jumoke Oduwole kuma take gudanar da aikin yau da kullum. Ita ce daga baya Tinubu ya naɗa ministar masana'antu da kasuwanci. Abin da ya zaburar da su shi ne wani jadawali da Bankin Duniya yake fitarwa duk shekara, yana jera ƙasashe 190 gwargwadon sauƙin kafa kasuwanci a cikinsu. Najeriya tana ta 169 a lokacin. Cikin shekara guda ta hau ta 145, a rahoton 2020 kuma ta kai ta 131. Ku a Ghana kuna ta 118 a wannan rahoton, don haka kada ka yi mana dariya da yawa. Nijar kuwa tana ta 132, a bayanmu daf da daf, maƙwabtakar har a takarda. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, birane biyu kaɗai ake aunawa a Najeriya, Legas da Kano. Wato duk wannan hawa da saukar, da Kanonmu a cikin lissafin.

A 2021 Bankin Duniya da kansa ya daina fitar da jadawalin, bayan bincike ya nuna an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe, ciki har da Sin da Saudiyya. Ni wannan bai ba ni mamaki ba. Duk jarrabawar da ɗalibi ya san tambayoyinta, su zai haddace. Masu jadawalin suna tambayar kwana nawa ake ɗauka a yi rajista, takarda nawa ake cikewa kafin izinin gini, ofis nawa za ka shiga kafin a ja maka wuta. Ba sa tambayar mutum nawa za su tare motarka tsakanin Jalingo da Kura. Saboda haka gwamnati ta fi mayar da hankali ga abin da ake tambaya. Amma ko da jadawalin ya mutu, wasu gyare-gyaren sun rayu, kuma za ka amfana da su.

Rajistar kamfani ita ce ta farko. Ka tuna yadda ake yi a da: sai ka nemi lauya, ka yi ta safa da marwa, kuma dole sai mutum biyu ne za su kafa kamfani. Shi ya sa za ka ga Alhaji ya saka sunan uwargida a matsayin abokiyar tarayya, ita kuwa baiwar Allah ba ta ma san tana da kamfani ba, sai ranar rabon gado magana ta tashi. Sabuwar dokar kamfanoni da aka sa wa hannu a Agustan 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta kawar da wannan. Yanzu mutum ɗaya tilo yana iya kafa kamfaninsa. Ƙaramin kamfani ba dole ne ya ɗauki sakatare ko mai binciken asusu ba, hatimin ƙarfen nan ma da ake dannawa a takarda ya zama ganin dama. Ana cike komai a shafin hukumar CAC ta intanet, takardar shaidar ta zo maka ɗauke da lambar biyan harajinka. A 2018 sun taɓa rage kuɗin rajistar sunan kasuwanci daga naira 10,000 zuwa 5,000 na wani lokaci, a 2020 kuma lokacin korona aka ware gurbin mutum 250,000 da za a yi wa kyauta. Matsalar da na fi gani a nan tamu ce. Mutanenmu da yawa suna tsoron kwamfuta, sai su ɗauki ninkin kuɗin su miƙa wa dillali. Kai kana da yaro a jami'a, ka zaunar da shi ku yi tare, ba zai ɗauke ku wani dogon lokaci ba.

Akwai kuma wani umarni da Osinbajo ya sa wa hannu a Mayun 2017, lokacin yana riƙon ƙwarya. A ganina shi ne abu mafi ƙarfin hali da suka rubuta. Ya ce kowace hukumar gwamnatin tarayya ta wallafa kuɗin da take karɓa da kwanakin da aikinta yake ɗauka, kowa ya gani. Ya kuma ce idan ka nemi izini ko lasisi, wa'adin ya wuce ba a ba ka amsa ba, to a ɗauka an amince. A Fabrairun 2023 aka mayar da wannan ya zama doka sukutum. Ka ji fa! A ƙasar da fayil yake kwana a ƙarƙashin tebur har sai an yayyafa masa ruwa. Sai dai ka nuna min ɗan kasuwar da zai iya duban jami'i ido cikin ido ya ce masa, “Wa'adinka ya cika, na ɗauka ka amince.” Gobe ma wurinsa za ka koma. Yawancin mutanenmu ma ba su taɓa jin labarin dokar ba. Duk da haka ka riƙe ta a ranka, don za ka buƙaci lambar NAFDAC a buhunka, kuma mutumin da ya san haƙƙinsa ba a cika ja masa rai kamar wanda bai sani ba.

Sai haraji. A nan ma an motsa. Dokar kuɗi da ta fara aiki a farkon 2020 ta yafe harajin riba ga duk kamfanin da cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba, ko da yake a cikin dokar ne aka ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari. Da Tinubu ya zo, ya kafa kwamiti a 2023 ƙarƙashin Taiwo Oyedele, wanda ya fito fili ya ce haraji da kuɗaɗen da doka ta san da su a ƙasar nan sun haura 60, kuma burinsu su dawo da su ƙasa da goma. Na san ka bi rigimar da aka sha a ƙarshen 2024, lokacin da gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon kuɗin VAT ba. An ja, an sassauta, a Yunin 2025 aka sa hannu a sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka tsayar da Janairun 2026 a matsayin lokacin fara aiki da su. VAT ya tsaya a 7.5, abinci na yau da kullum babu VAT a kansa, an faɗaɗa iyakar ƙananan kamfanonin da aka yafe wa, wanda kuma samunsa na shekara bai wuce naira 800,000 ba babu haraji a kansa. Amma ka lura da wani abu guda. Yafiyar ba ta nufin ka naɗe hannu. Sai ka riƙe littafin ciniki, ka kuma kai bayanin shekara ko da ba za ka biya sisi ba. Mu kuwa ka san halinmu, lissafi a ka yake, kuɗin shago da kuɗin cefane aljihu ɗaya. Wanda ba shi da littafi ba shi da hujja, jami'i zai yanka masa abin da ya ga dama.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar. Duk waɗannan da na lissafa maka na gwamnatin tarayya ne, a Abuja aka rubuta su. Injinka kuwa a ƙaramar hukuma zai zauna, shansherar da za ka casa a kan titi za ta zo maka. Akwai wani direban tirela a unguwarmu da yake ɗauko shanshera daga Taraba, wani lokaci daga Kebbi. Idan ya zauna yana ba ka labarin hanya sai ka rasa dariya za ka yi ko kuka. Ya ce kafin ya tashi sai mai kaya ya ware masa kuɗin hanya daban, ya canja su ƙanana-ƙanana ya zuba a leda kusa da giya. Nan a ce kuɗin amfanin gona, gaba kaɗan a ce kuɗin lodi, can a ce kuɗin shiga gari. Wasu da rigar ƙungiya, wasu da rigar hukuma, wasu ko rigar kirki babu, sai katako mai ƙusoshi da suka shimfiɗa a kwalta. Sitikar da ya saya a wannan jiha, da ya tsallaka iyaka sai a ce ba a san ta ba. Idan ya tsaya gardama a sace masa iskar taya ko a cire madubi, ya wuni a wurin, mai kaya yana ta kira. Na tambaye shi rasit fa? Ya ce wani yana bayarwa, amma irin rasit ɗin da ko wanda ya buga shi ba zai iya gaya maka asusun da kuɗin yake shiga ba.

Abin takaicin shi ne doka ta hana wannan tuntuni. Tun zamanin soja, a 1998, aka yi dokar da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Shekaru nawa ke nan? Gwamnati bayan gwamnati sai ta sanar an rushe shingaye, a yi mako biyu hanya fes, sannan su dawo ɗaya bayan ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da yawa daga masu tare hanyar nan yaran wasu ne, da su aka yi yaƙin zaɓe, shingen shi ne ladansu. Wanda zai kore su shi ne wanda ya ajiye su. Duk abin da aka karɓa kuwa a kan buhu yake ƙarewa. Kai za ka biya a farashin shanshera, mai sayen kwano ɗaya a kasuwar Rimi ita za ta biya a ƙarshe.

Ba wai abin ba ya gyaruwa ba ne. Kaduna ta gwada a zamanin El-Rufai. A 2016 suka yi dokar da ta tattara duk harajin jiha wuri guda, ta mayar da karɓa hannun hukuma ɗaya, ta hana jami'i karɓar tsabar kuɗi. Abin da jihar take tarawa ya ninka fiye da sau uku tsakanin 2015 da 2020, kuma a rahoton da Bankin Duniya ya yi kan jihohin Najeriya a 2018 Kaduna tana cikin waɗanda suka fi gyarawa. 'Yan kasuwar da aka rushe wa shaguna a wancan lokacin suna da nasu labarin, ba zan musa musu ba. Amma maganar hana karɓar kuɗi a hannu, ni ina ganin daidai ce, ko wa ya kawo ta. Yanzu ma akwai wani shiri na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2022, mai suna SABER, wanda ake biyan jiha idan ta gyara harkar takardun fili da haraji da kotunan ƙananan basussuka. Ko ba komai an gane cewa ciwon ya sauko daga Abuja zuwa jihohi.

Wuta kuwa, Alhaji, ita ce za ta yanke hukuncin ko injinka zai rayu. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar. A Afrilun 2024 aka raba masu amfani da wuta, aka ce waɗanda suke layin da ake kira Band A, masu samun aƙalla awa 20 a rana, za su koma biyan naira 225 a kowane yunit, daga abin da bai kai 70 ba. Daga baya an ɗan rage, amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Masu masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai suka yi ta kuka. Idan kuma ba ka kan wannan layin, kuɗin da sauƙi amma wutar sai an ga dama, sai ka koma kan janareta, shi kuma man gas ya daɗe da haye naira 1,000 a lita. A Oktoban 2024 aka lalata manyan layukan da suke kawo wuta Arewa, muka yi fiye da mako guda a cikin duhu, daga Kano har Maiduguri. Masu ƙanƙara da masu niƙa da masu walda duk suka zauna. Babu wata dokar sauƙaƙa kasuwanci da ta biya su asarar.

Ana ta sa mana rai da bututun iskar gas da zai taso daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna ya iso Kano, mai tsawon kilomita 614. A 2020 aka fara shi, an kuma sha ɗaga ranar gamawa. Idan ya iso, kuma aka kafa tashoshin wutar da aka yi alkawari, to lissafin masana'antun Kano zai canja sosai, wannan ba ni da shakka a kai. Dokar wuta ta 2023 ma ta ba jihohi ikon su tsara kasuwar wutarsu da kansu. Amma kai kada ka gina lissafinka a kan abin da bai iso ba. Kafin ka sayi fili, ka je ka tambayi masu injin da suke kusa awa nawa suke samu a rana, kada ka tambayi dillalin fili. Tukunyar turara shinkafa ka nemi wadda take cin ɓuntu, tunda ɓuntun a wurinka zai taru kyauta. Sola za ta riƙe maka ofis da fitilu da famfon ruwa, amma manyan motocin injin sai ka zuba kuɗi mai yawa kafin ta ɗauke su.

Maganar bashi ba zan daɗe a kanta ba, don na san ra'ayinka game da kuɗin ruwa. Ka dai sani cewa Babban Banki ya kai ma'auninsa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024 don ya danne hauhawar farashi, bankunan kasuwanci kuwa sai su ɗora nasu a kai, ya tasam ma 30. Wace shinkafa za ka casa ta ba ka wannan ribar? An yi doka a 2017 da ta ba mutum damar jingina kayan da suke motsi, kamar inji ko mota ko kayan sito, maimakon sai gida ko fili, an kuma buɗe rajista ta ƙasa don haka. Tunani ne mai kyau, amma har yanzu yawancin manajojin banki takardar fili suke fara tambaya. Akwai Bankin Masana'antu da yake bayarwa da rahusa idan takardunka sun cika kuma kana da haƙuri. Akwai kuma bankunan da ba sa harkar ruwa, irin su Jaiz da ya fara a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya. Za su iya sayo maka injin su sayar maka da riba sananniya, ka biya a hankali. Halal ne in sha Allahu, amma kada ka zaci araha ne, su ma a kasuwa ɗaya suke da sauran.

Injin naka daga Sin ko Indiya zai taso, ya sauka a Legas. An buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki a Janairun 2023, a watan ne kuma Buhari ya zo ya buɗe tashar tudu ta Dala a Zawaciki, bayan ta Kaduna da aka buɗe a 2018. Manufar ita ce kwantena ta wuce kai tsaye a yi mata kwastan a nan gida. Amma tashar tudu da jirgin ƙasa take rayuwa, shi kuma sabon layin dogo bai haɗe Legas da Kano ba tukuna. 'Yan kasuwar Kwari za su gaya maka akwai lokutan da kuɗin ɗauko kwantena a mota daga Apapa zuwa Kano yake gogayya da kuɗin da ta ci a teku. Ga shi kuma kuɗin fito da dala ake lissafa shi, dalar da take wajen naira 460 a hukumance a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024.

Abin da ya fi damuna game da sana'ar da ka zaɓa shi ne wanda babu jadawalin da yake auna shi, wato juyin manufa. Ka duba tarihin shinkafa kawai. A 2015 Babban Banki ya hana ba da dala ga masu shigo da kaya 41, shinkafa tana ciki. A Nuwamban shekarar aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi a Kebbi. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Duk wanda yake da kuɗi a Kano ya ruga ya kafa injin shinkafa, manya da ƙanana, ko'ina ka bi hanyar Zariya da ta Haɗeja sai ka ga sabon gini. Sai ga shi a Oktoban 2023 an ɗage haramcin dalar. A Yulin 2024 kuma, da yunwa ta yi tsanani, aka sanar da yafe kuɗin fito na kwana 150 ga masu shigo da shinkafar da ba a gama casa ba da masara da alkama. Farashi ya sauko, talaka ya ɗan numfasa, kuma wallahi ban ga laifin mai jin yunwa ba idan ya yi murna. Amma wanda ya ci bashi ya kafa inji a kan alkawarin 2015, da manomin da ya sayi taki da tsada, su aka bari da jangwam. Injina da yawa yanzu rabin ƙarfinsu suke aiki, wasu an kulle. Ko a Mayun 2024 an wayi gari da sanarwar cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari daga kuɗin da aka tura ta banki, wai na tsaron intanet, sai da jama'a suka yi ca aka dakatar. Ɗan kasuwa yana iya jure tsada idan ya san ta, ya saka ta a farashi. Abin da yake karya shi shi ne a canja masa doka bayan ya riga ya zuba jari. Manyan kamfanonin waje ma irin su GSK da Procter & Gamble sun sanar a 2023 cewa za su sauya salon zamansu a ƙasar, su koma turo kaya daga waje, balle kai da ni.

Kada ka ce ina kashe maka gwiwa. Mutane suna cin shinkafa kullum, daga Kano har Maraɗi, kuma akwai masu ƙananan injina da suke samun rufin asiri. Waɗanda na ga sun tsaya da ƙafafunsu su ne waɗanda ba su ci bashi mai nauyi ba, suke kusa da manoma, suke kuma yi wa mutane casa a biya su lada maimakon su zuba duk jarinsu a sayen shanshera su jibge. Shawarata ita ce kada ka rufe shagon Kumasi tukuna. Ka bar ƙaninka a kai, ka zo da kaka ka yi wata biyu ko uku. Mu je Kura da Bunkure da Garun Malam, ka zauna da masu injin, ka ga takardar kuɗin wutarsu da idonka, ka ji nawa buhu yake isowa ƙofarsu. Idan da hali ka fara da hayar injin wani na kaka ɗaya kafin ka yi odar naka. Rajistar kamfanin kuwa ka yi ta tun yanzu daga can, tunda ita ce ta yi araha. Ka buɗe masa asusun banki daban, duk abin da za ka biya hukuma ka biya ta banki ka adana shaida. Fili kuma kada ka ba da ko kwabo sai mun kai takardunsa ma'aikatar ƙasa an duba. Da ka fara aiki ka shiga ƙungiyar masu casar shinkafa, don idan masu rasit suka zo ƙofa, muryar mutum ɗari ta fi ta mutum ɗaya.

Ka turo min ƙarfin injin da kake so, tan nawa a rana, da farashin da aka yanka maka, zan kai wa wani injiniya da na yarda da shi ya lissafa mana wutar da zai ci. Ka gaida Malam Liman da duk mutanen Zango. Ka kuma sanar da ni ranar da za ka taso da wuri, don in sa a gyara maka ɗakin baƙi.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Kano